Odar wuyan jita da fikof daga waje: wa ya taɓa yi?

Mai Jita Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Jitar lantarkin da nake aiki da ita kwafin Stratocaster ce, wato samfurin jitar kamfanin Fender, amma ƙirar Sin, a gwanjo na same ta, ko suna babu a kanta. Gangar jikin lafiya lau take, kuma hannuna ya saba da ita. Wuyan ne ya gaji. Firet, wato ƙarafan da aka jera a kan allon wuyan inda ake danna tsirkiya, na farko zuwa na biyar sun cinye har tsirkiya ta yi musu rami, kuma in na hango wuyan daga kai sai in ga ɓangaren tsirkiya mai kauri ya fi ɗaya ɓangaren lanƙwasa. Ina so in yi odar sabo daga kamfanin Warmoth a Amurka, irin wanda kai za ka zaɓi itace da kauri da firet, in haɗa da fikof uku (masu ɗaukar sautin tsirkiya su kai lasifika) da kunnuwan ɗaurin tsirkiya. Na gwada haɗawa a shafinsu, wuyan kaɗai ya haura dala 300, ba a ma zo kuɗin dako ba. Shin zai shiga jikin tawa? Ta ina zan biya, kuma ta ina zai iso Kaduna?

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye maganar kuɗi tukuna. Kwance sukuru huɗun nan na baya, ka zare wuyan, ka nemi ma'auni mai baki irin na masu juya ƙarfe. Tef ɗin tela ba zai yi wannan aikin ba.

Warmoth a kan awon Fender suke yanka wuyansu. Faɗin gindin wuyan inci 2 da 3/16 ne, wato milimita 55.56. Zurfin ramin da yake zama a ciki inci 5/8, kusan milimita 16. Masu kwafi kuwa kowa da awonsa, na taɓa riƙe wadda raminta ya kai 57, na ga wadda ba ta cika 55 ba. In ramin ya matse ana iya goge shi kaɗan. In ya yi yawa, wuya zai riƙa motsi gefe da gefe, tsirkiyar ƙarshe ta dinga zamewa daga bakin allo.

Sai awo na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci. Ka auna daga bakin not, wato ɗan matashin da tsirkiyoyi suke hawa a can kusa da kan jita, zuwa tsakiyar firet na 12. In ka samu milimita 324, tsawon tsirkiyarka 648 ke nan, inci 25.5, awon Fender. In ka samu 314, jitarka a kan awon kamfanin Gibson take, inci 24.75, to wannan wuyan ba nata ba ne. Ko ka ɗaure shi ya zauna daram, sama da firet na bakwai duk sautin ƙarya zai riƙa ba ka, kuma babu sukurun gada, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke zama a kan gangar jiki, da zai gyara.

Ka duba siffar gindin ma. Na Stratocaster mai zagaye ne, na Telecaster, wani samfurin Fender, a miƙe yake.

Ɗan Gwanzu:
Baba ya faɗi gaskiya a kan awo. Amma ni tambayata, me zai sa ka ɗora wuyan dala 300 a jikin da bai kai dala 60 ba? A nan Gwanzu ta ƙasar Sin, da ta shafukan 1688 da AliExpress, akwai wuyan itacen mafil mai firet 22, da rubu'in wannan kuɗin za ka saya har da dako. Ka tura wa ejan, ya haɗa da kayan 'yan kasuwa a jirgin sama, a kilo za ka biya, ka karɓa a Kano.

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Alhaji, ina karɓar irin waɗannan a shago, kuma wasu suna da kyau ƙwarai. Abin da ba ka iya gani a hoto shi ne bushewar itacen. Wanda aka yanka da sauran danshi a cikinsa zai iso a miƙe, hunturu ɗaya ya murɗe shi. Murɗewar nan ce ta kawo yaron nan zaure tun farko.

Ɗan Gwanzu:
To ai na Amurkan ma ba a Kaduna aka busar da shi ba, Baba. Garin da Warmoth suke, Puyallup a jihar Washinton, wurin ruwan sama ne.

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Haka ne. Shi ya sa ban ce masa na Amurka ba ya motsi ba. Masu ƙera jita suna ajiye itace a ɗakin da danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. Mu nan a Janairu da Fabrairu yana sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya cika iska fal. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ƙarfen firet kuwa yana nan yadda yake. Dalilin da ya sa da hunturu bakin firet yake leƙowa yana yankar tafin hannu ke nan. Kowane wuya zai yi haka. Bambancin shi ne busasshen itace mai miƙaƙƙen zare yana tafiya ya dawo, ɗanye kuwa in ya tafi ya tafi ke nan.

In da ni ne, gasasshen mafil zan zaɓa. Ana gasa shi a tanda marar iska har ya yi launin zuma, daga nan ba ya shan danshi kamar da. Su Warmoth ma sun ce wannan ba sai an shafa masa fenti ko banish ba, alhali farin mafil sharaɗin garantinsu ne a shafa masa. Ka ga an rage maka aiki da kuɗi.

'Yar Kwaya Jos:
Sannunku da muhawara. Ni abin da zan ƙara wa ɗan'uwa na Kakuri shi ne maganar firet. A cocinmu jita ɗaya ce matasa da yawa suke koyo a kanta, Asabar gwaji, Lahadi sujada, ga taron tsakiyar mako. Firet na farin ƙarfen nan na yau da kullum ba ya daɗewa a hannun masu koyo, don suna danna tsirkiya da ƙarfin tsiya. Da muka sauya wuya muka zaɓi firet na bakin ƙarfe marar tsatsa, har yau ko alamar rami babu, kuma jan tsirkiya sama ya yi santsi. Ƙarin kuɗin kaɗan ne. Idan za ka rage wani abu a odar don kuɗi su sauka, ka rage kwalliya, ka bar wannan.

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Na yarda da ke, 'yata, sai dai a gaya masa sauran. Wannan ƙarfen yana cinye magagari. Warmoth suna kafa firet su goge bakinsu, amma ba su jera tsayinsu ɗaya bayan ɗaya, sun bar wannan ga mai haɗa jitar. Ramukan not ma da ɗan tsayi suke zuwa don kowa ya sauke daidai hannunsa. Saboda haka ka tanadi mai gyaran da yake da kayan aikin tun kafin kaya su iso.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum jama'a, gaisuwa daga Ayar. Mu nan jita ita ce bikin aure, babu ango da zai yi taro ba a kafa amfuli, wato amfilifaya, a fili ba. Ina karanta ku ina mamaki, don abin da ke kashe muna jita ba wuya ba ne. Rairayi ne. Yana shiga maɓallin sauya mikro, wato fikof a wurinku, yana shiga fot, abin juyawa na ƙara murya da ragewa, ka juya ka ji ƙarar ƙaiƙayi a lasifika. Ramin fulogi kuma yana sakewa, ana tsakiyar kiɗa sauti ya ɗauke. In ɗan'uwa zai tafi Turai wasa, saƙon da muke ba shi bai wuce tsirkiyoyi kwali-kwali, da ramin fulogi na Switchcraft, da fot, da maɓalli mai matsayi biyar. Duka suna shiga aljihun jaka.

Wajen biya mun fi ku sauƙi kaɗan, tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Muna komande a Thomann ta Jamus, a kai gidan wani namu a Faransa, mai zuwa Yamai ya riƙo. Hanyar ƙasa ce ta yi wuya. Tun 2023 da iyakar Bene ta rufe, kayan da a da suke bi ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina, ga jira, ga duwan.

Mai Jita Kakuri:
Na gode ƙwarai. Baba, gobe in sha Allahu zan kai jikin wajen masu juya ƙarfe na Panteka a auna min. Yaya, na sa firet ɗin da kika ce. Yanzu fikof fa? Na ga saitin fikof uku da sunan kamfanin Seymour Duncan a wani shagon intanet, kuɗin bai kai na guda ɗaya a shafin kamfanin ba.

Mai Dalma:
Kada ka taɓa shi. Seymour Duncan a Santa Barbara ta Kalifoniya suke, DiMarzio a Niyok, kuma dukkansu suna da jerin dillalansu a shafinsu. Fikof uku a kuɗin da bai kai na ɗaya ba, tambarin kawai aka buga. An kawo min irinsa daga wani shagon da ba zan ambata ba, na juya bayansa na tarar da sandar maganaɗisun seramik manne da gam, alhali a kwalin an rubuta alniko, wato maganaɗisun ƙarfe irin na asali. A fikof na Stratocaster na asali, ƙusoshi shidan nan da kake gani a sama su ne maganaɗisun da kansu, bayan babu wata sanda. In ka ɗora mita, na wuya da na tsakiya wajen om dubu 6 suke nunawa.

Ba ina cewa seramik ba shi da amfani ba ne. Akwai masu araha da suke sayarwa da sunan kansu, irin su Wilkinson, ka san abin da ka saya. Wanda ya yi maka ƙarya a suna, ba ka san me ya naɗa a ciki ba.

Amma kafin duk wannan, me ke damunka da fikof ɗin da ke jiki yanzu?

Mai Jita Kakuri:
Gurnani. In an kunna janareta a wurin biki, ko ban taɓa tsirkiya ba sai ka ji "huuum" a lasifika. Kuma sautin a dushe yake.

Mai Dalma:
To ai ka ga amfanin tambaya. Fikof mai naɗi ɗaya, ko na dala nawa ne, yana ɗaukar gurnanin wuta. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, shi kake ji. Ka sayo mafi tsada a duniya ka kawo gaban janaretan da ba shi da waya ta ƙasa, zai yi maka wannan kukan.

Ga abin da za ka gwada da kuɗi kaɗan. Buɗe murfin baya, ka duba wayar da ta tashi daga bayan fot zuwa ƙarfen da sifirin suke maƙale, sau da yawa dalmar ta sake. In kana taɓa tsirkiya ƙara ba ta raguwa, nan ne matsalar. Sannan ka liƙe cikin ramukan da bayan farantin gaba da tef na jan ƙarfe, ka haɗa shi da ƙasa. Wannan yana rage tsiwar fitilu da caja, amma ba ya kashe gurnanin gaba ɗaya. Mai kashe shi shi ne fikof na tsakiya da aka naɗe a juye, maganaɗisunsa ma a juye, in ka sa maɓalli a matsayi na 2 ko na 4 sai shi da na kusa da shi su yi aiki tare su soke gurnanin juna. In kana son shiru a kowane matsayi, sai hambaka, wato faffaɗan fikof mai naɗi biyu, ko irin masu naɗi biyu a gidan guda.

Dushewar kuma ka duba lambar bayan fot. Mai naɗi ɗaya da 250k (om dubu 250) yake tafiya, hambaka da 500k. Amma tsohuwar tsirkiya da doguwar wayar fulogi mai araha sun fi komai dusar da sauti.

'Yar Kwaya Jos:
Malam Mai Dalma, don Allah ka ƙara jan kunne a kan wayar ƙasa. Na ga matasa suna karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya wai don gurnani ya ragu. Mai jita hannunsa yana kan tsirkiya, leɓensa yana kan makirfo. In wuta ta zubo a jikin ɗaya daga cikinsu, ta jikinsa za ta bi. Wannan ba maganar sauti ba ce, maganar rai ce.

Mai Dalma:
Gaskiyarki. Kada kowa ya karya ta. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa da janaretan, a kuma ɗauki wutar amfilifaya da ta na'urar haɗa sauti daga layi ɗaya.

Sai abu ɗaya da ke ba mutane haushi bayan kaya sun iso. Kayan Amurka da inci ake yinsu, jitar Asiya da milimita. Wuyan fot na kamfanin CTS na Amurka inci 3/8 ne, wajen milimita 9.5, ramin farantinka kuwa wajen 8 yake, sai an buɗa shi. Haƙoran kan fot ɗin 24 ne, na Asiya 18, murfin juyawarka na da ba zai hau ba, in ka tilasta shi ka karya. Gada mai sukuru shida ma haka, tsohon awon Amurka milimita 56 ne daga na farko zuwa na ƙarshe, yawancin na Asiya 52.5. Kunnuwan ɗauri na zamani ramin milimita 10 suke so, na tsohon yayi ya fi ƙanƙanta. Tunda kai za ka faɗa wa Warmoth girman ramin, fara zaɓar kunnuwan tukuna, Gotoh na Japan ko Schaller na Jamus, sannan ka cike odar.

Bahagon Damagaram:
Ku da kuke kiɗa da dama kuna da zaɓi. Mu bahagwai odar waje dole ce gare mu, kasuwa ba ta kawo namu. Not daban, farantin gaba daban, gada daban, har fot akwai mai juyin hagu. Da yawa cikinmu juya ta dama muke yi mu sake jera tsirkiya, hannu ya dinga bugun maɓallan murya. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan na Nijar, ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta da hannunsa. Duk mai hanyar samun faranti da gada na hagu a sauƙaƙe, ya taimaka ya yi min magana.

Ɗan Gwanzu:
Bahago, farantin hagu akwai shi nan birjik. Ka ɗora naka a kan takarda ka zana shi da ramukansa ka ɗauki hoto da rula a gefe. Akwai mai rami 11, akwai mai 8, kuma a kwafi ramukan ba sa faɗawa wuri ɗaya.

Na Kakuri, tunda zuciyarka tana Amurka, ga lissafin dako. Kamfanonin jigila na jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita su raba da 5000, wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin gaske shi za ka biya. Wuya bai kai kilo ɗaya ba, amma kwali mai 75 da 15 da 10 kilo 2.25 ne a wurinsu. Shi ya sa ya fi ka tara komai a adireshin ejan ɗaya a Amurka, ya zuba ƙananan kayan a cikin kwalin wuyan.

Biya kuma, tun 2022 bankuna suka toshe katin naira a shafukan waje, a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Ka tambayi bankinka iyakar taka, in ba ta isa ba sai katin asusun dala.

Malamin Fito:
Ƙarin bayani a kan kwastan. A watan Satumba na 2025 Hukumar Kwastan ta Najeriya ta fara yafe kuɗin fito ga kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya. Kai da wuyanka ya ɗan haura, ka duba ko akwai kwalliyar da za ka sauke ya dawo ƙasa. Wannan ya ci karo da shawarar Alhaji ta tara komai a kwali ɗaya, sai ka ɗauki biro ka ga wanne ya fi maka, kuɗin dako biyu ko kuɗin fito.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne a rubuta ƙaramin kuɗi a takarda. Laifi ne, kuma in kwalin ya ɓace ko wuyan ya karye, abin da aka rubuta shi inshora za ta biya.

Mai Jita Kakuri:
Wani ya ce min allon itacen rozwud ba ya fita Amurka sai da takardar izini. Gaskiya ne?

Malamin Fito:
A da ne. Daga Janairun 2017 yarjejeniyar CITES ta duniya, mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa duk dangin itacen a jerin masu buƙatar izini, har Fender suka koma itacen fau fero a jitocinsu na Meziko. A Nuwamban 2019 aka cire kayan kiɗa da sassansu da aka gama ƙerawa. Na Barazil ne kawai ya rage, shi tun 1992 yake jeri na ɗaya, mafi tsanani, kada ka kusance shi.

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Maganar itacen nan tana taɓa ni. Madobiya da aka dinga sarewa a Taraba ana lodawa zuwa Sin, har aka dakatar da Najeriya daga fitar da ita a 2018, itace ce mai tauri da kyan zare, na yi allon firet da guntunta ya yi kyau. Maɗaci ɗan'uwan mahoganin Afirka ne da ake yin gangar jita da shi. Itacen korina da Gibson suka yi jitocin Flying V da Explorer da ita a 1958, daga Afirka ta Yamma take. Baƙin itacen allon jitocin Taylor daga Kamaru yake fita, tun 2011 suke da hannu a wani injin yanka a Yawunde. Itacen namu ne, busarwa da awo ne suka gagare mu. Ina da yara biyu a shago da nake koya wa sauya firet da yanka not da ƙashin saniya. Duk wanda zai yi odar kaya, in da hali ya sako mana magagarin not saiti ɗaya daga StewMac ko Hosco, zan biya. Shi ne abin da ba mu samu a nan.

Mai Jita Kakuri:
Baba, na dawo daga awo. Not zuwa firet na 12, milimita 324 cif. Faɗin rami 56, zurfi 16, gindi mai zagaye. Na fasa fikof ɗin can, na duba wayar sifirin kamar yadda Malam Mai Dalma ya ce, a sake take, an ɗana mata dalma gurnanin ya ragu sosai. Wuya da kunnuwa kawai zan yi oda yanzu, kuma zan sako magagarin.

Baba Mai Gyara Sabon Gari:
Madalla, zai shiga. Ɗan ratar da ta rage siririn katako zai cike ta. A wajen cike odar ka zaɓi kada su huda ramukan sukuru huɗun, don na jikinka ba lallai su faɗa kan awon Fender ba, mu za mu huda a nan bayan mun ja zare mun daidaita tsirkiya ta farko da ta shida. Tsohon wuyanka in firet 21 ne, mai 22 zai zauna, na ƙarshen a kan ɗan leɓe yake da ya hau saman faranti, sai dai ka duba kaurin farantin kada ya tokare shi.

In ya iso kada ka ɗaura shi ranar. Ka bar shi a ɗakin da kake ajiye jita kamar mako biyu ya sha iskar Kaduna, nesa da rana da taga. Bakin firet kuma kada a goge sai tsakiyar hunturu lokacin da itacen ya gama tsukewa, a yi shi sau ɗaya. Ka taho da jikin da tsohon wuyan duka, da tsirkiyar da ka saba sawa, ka gaya min lambarta tun yanzu don in san faɗin ramukan not.

Mai Jita Kakuri:
Mai lamba 10 zuwa 46 nake sawa, Baba. Allah ya saka da alheri.

Bahagon Damagaram:
Alhaji na Gwanzu, na tura maka zanen farantin. Rami 11 ne, amma na kusa da fikof na tsakiya ya ɗan matsa sama, ka duba da kyau kafin ka saya.